SHARHI: Me ke jiran ɗan kokowa ranar da ya ajiye walki?

A ƙarshen watan Disambar 2024, a filin kokowa na Salma Ɗan Rani da ke Dosso, Abba Ibrahim na Yamai ya yi nasara a kan Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, a karon ƙarshe na gasar cin takobi karo na 45. A gaban mutanen jiharsa aka raba Isaka da takobin da ya ɗauka har sau 6, tarihin da babu wani ɗan kokowa a Nijar da ya taɓa kafawa. Shekara guda kafin nan, a Agadas, shi ne ya hana Aibo Hasan na Maraɗi kai takobin gida.

Tun daga wannan rana masu bin kokowa suka fara lissafin shekarun da suka rage wa Isaka a fili. Sai dai ba shi ne abin tausayi ba. Wanda ya ci takobi sau 6 ya tara abin da zai riƙe shi, kuma sunansa kaɗai jari ne. Waɗanda ya kamata a yi wa lissafi su ne sauran 79 da ke shiga gasar kowace shekara su koma gida ba takobi, da ɗaruruwan da ke kokowa a Gazawa da Agye da Gidan Rumji waɗanda ko motar zuwa gasar ba su taɓa shiga ba.

A wasu ƙasashe, ranar da ɗan wasa ya daina gasa ita ce ranar da yake fara wata sana'a da jikin nan nasa da gwanintar nan tasa. Misalin da ya fi fitowa fili yana cikin wasan da ya fi kowane nisa da ƙasar Hausa, wato rawar zamiya a kan ƙanƙara. Duk da nisan, akwai abin da Maraɗi za ta gani a ciki.

Daga dandalin ƙauye zuwa takobi

Kokowa a wannan yanki 'yar kaka ce. Idan gero ya shiga rumbu, aka roro wake, aka cire gyaɗa, mutanen Agye da Cadawa suka haƙe ayarsu, sai ganga ta fara kira da yamma. Gari ya gayyaci gari, yara su fara, samari su biyo, manya su rufe. Daga irin waɗannan dandali ake gano wanda za a kai zaɓen gunduma, daga can a kai shi zaɓen jiha. Kowace jiha cikin 8 tana fitar da mutum 10, su haɗu su 80 su yi kwana 10 suna karawa.

Gwamnatin Seyni Kunce ce ta mayar da abin gasar ƙasa a 1975, aka yi ta farko a Tawa, kuma ɗan Maraɗi ne, Yakuba Kantu, ya fara ɗaukar takobin. Sunansa filin kokowar Maraɗi yake ɗauke da shi a yau, kamar yadda na Damagaram ke ɗauke da sunan Langa-Langa, na Tawa kuma Hamidin Mai Dare. Bayan Kantu jihar ta fitar da wasu, irin su Umaru Bindigau. Babu mai musun cewa Nijar ta iya karrama sunan ɗan kokowa. Abin da ba ta iya ba shi ne riƙe mutumin da ke bayan sunan.

Wanda ya ci takobi yana samun doki da rawani da babbar riga da kuɗin da a shekarun nan ba ya kasa miliyan 10 na sefa, ga kyaututtukan 'yan kasuwa da kamfanoni da 'yan siyasa. Na biyu da na uku da na huɗu ma ba sa komawa hannu rabbana. Daga nan kuma abin sai ya tsuke. Wanda aka kayar a rana ta biyu yana da ɗan kuɗin zama da abin da masoya suka miƙa masa, shi ke nan sai baɗi.

Ƙarfin ɗan kokowa kuma ba ya daɗewa. Kafin ya kai shekara 40 gwiwa ta fara magana, baya da wuya da kafaɗa sun bi sahu. Da yawansu tun suna yara aka ga suna da ƙira, aka bar su ga fili, karatu bai yi nisa ba. Idan suka ajiye walki, mafi yawa gona suke komawa, ko kiwo, ko ƙaramin kasuwanci. Wasu su samu aikin gadi ko rakiyar manya, wasu su bi ayarin 'yan ci-rani zuwa Najeriya ko wuraren haƙar zinariya na arewacin Agadas. Kaɗan ne ke zama masu horarwa ko alƙalan wasa, domin mutum 10 kacal jiha ke kaiwa gasa, ba ta buƙatar masu horarwa 50.

Noma ba abin raini ba ne, kuma yawancinsu dama manoma ne. Matsalar ita ce mutum ya shafe shekara 15 ko 20 yana koyon abin da dubban jama'a ke barin aikinsu su zo kallo, rana ɗaya abin ya zama ba shi da kasuwa ko ta dala.

Abin da masu zamiyar ƙanƙara suka gano

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ana yin sa ne a kan fili mai daskararren ruwa, da takalmin da aka kafa wa siririn ƙarfe a ƙasa. Ɗan wasa yana sulalawa da gudu, ya yi tsalle ya juya sau 3 ko 4 a sama kafin ya dira da ƙafa ɗaya, duk a kan kiɗa. Alƙalai suna ba da maki kashi biyu: na wuyar tsalle da juyi, da na kyan motsi da bin kiɗa. Ma'ana tun a cikin gasa an yarda cewa rabin abin ƙarfi ne, rabi kuma fasaha.

Wannan rabin na biyu shi ne abin da suke tafiya da shi idan sun bar gasa. Sonja Henie 'yar Norwe ta ci zinare a gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1928 da 1932 da 1936, tana gamawa ta wuce Hollywood, ta zama cikin 'yan fim mafi tsada a zamaninta, tana kuma yawo da ayarin masu zamiya gari-gari ana biyan kuɗin shiga.

Na kusa-kusa shi ne Yuzuru Hanyu na Japan. Ya ci zinaren Olamfik a 2014 da 2018, ya zo na huɗu a Bejin a 2022, sannan a ranar 19 ga Yulin 2022 ya sanar da barin gasa yana da shekara 27. Wata 7 bayan haka, ranar 26 ga Fabrairun 2023, mutum 35,000 suka cika babban filin Tokyo Dome don kallonsa shi kaɗai a kan ƙanƙara, a wani wasa da ya tsara da kansa ya kira shi Gift. Ba abokin karawa, ba alƙali, ba maki. An haska wasan kai tsaye a gidajen sinima, daga baya aka sayar da shi ta intanet. Labarin rayuwarsa ya bayar da zamiya da kiɗa da haske, mutane suka biya.

Labarin da zai fi taɓa mai karatu a nan shi ne na Surya Bonaly, baƙar fata 'yar Faransa. Sau 5 a jere ta zama zakarar Turai, daga 1991 zuwa 1995, sau 3 kuma ta zo ta biyu a duniya ba ta taɓa zama ta ɗaya ba. A 1994, da aka rataya mata lambar azurfa a Japan, cire ta ta yi daga wuyanta a gaban kowa don tana ganin an zalunce ta. A gasar Olamfik ta 1998 a Nagano, tana fama da ciwon agara kuma ta san ba za ta ci komai ba, sai ta yi alkafura ta baya ta dira da ƙafa ɗaya. Hukumar wasan ta daɗe da haramta wannan alkafura. Aka rage mata maki, ta ƙare a ta 10. Amma alkafurar da aka hukunta ta a kai ita ce ta ciyar da ita shekaru bayan haka, lokacin da take yawo da ayarin Champions on Ice a Amurka har zuwa 2007, domin a dandalin nishaɗi abin da alƙali ya ƙi shi ne abin da 'yan kallo suka zo gani. Sai a 2024 hukumar ta ɗage haramcin.

Akwai ma wanda ya bar ƙanƙarar gaba ɗaya. Toller Cranston na Kanada, wanda ya zo na uku a Olamfik ta 1976, zane ya koma, ya zauna a garin San Miguel de Allende na Meziko yana sayar da zanensa har ya rasu a 2015.

Kada a ɗauka kowa ya ji daɗi. John Curry na Ingila, wanda ya ci zinare a wannan shekara ta 1976, shi ne ya fi kowa nacewa a kan cewa zamiya rawa ce kamar kowace rawa. Ya kafa ayarinsa, ya ɗauko manyan masu tsara rawa, ya kai wasan har babban gidan opera na New York a 1984. Kuɗi suka karya ayarin, shi kuma ya rasu a 1994 yana da shekara 44 ba shi da wani abin kirki a hannu. Champions on Ice ɗin da ya riƙe Bonaly shi ma ya rufe. A kowane Hanyu ɗaya akwai ɗaruruwan da suka ƙare suna koya wa yara zamiya ana biyansu da awa. Bambancin kawai shi ne su suna da ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Kokowa ma rabinta fasaha ce

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san kayarwa ba ta cin lokaci. Wani karon daƙiƙa 10 ne, wani minti 3. Abin da ke cika yinin shi ne sauran: makaɗi ya saki taken ɗan kokowa, shi kuma ya miƙe jikinsa na tsuma, ya shigo da rawarsa, ya tsaya tsakiyar fili ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya ambaci garinsu da ubangidansa da waɗanda ya kayar, ya yi wa abokin karawa habaici. Ga guraye da layu da kambuna, ga ɗibar ƙasa da zagaye fili, ga maroƙa suna zuga. Ga kuma 'yan cali-cali, waɗanda ke ɗaura tsumma su kwaikwayi tafiyar kowane ɗan kokowa da yadda ya faɗi, jama'a na dariya ana yi musu kari.

Kowane ɗan kokowa da ya yi suna yana da tafiyarsa da muryarsa da salon kirarinsa, har yaro a Gangara ko Tsibiri zai iya kwaikwayonsa a gane wa yake nufi. Wannan ƙirƙira ce, kuma mai ita ya sha wuya kafin ta zauna masa. Ba ta buƙatar gwiwa mai lafiya. Mutum mai shekara 55 zai iya yin kirarin da zai tayar da tsikar jikin fili fiye da saurayi mai 22, don shi yana da abin da zai faɗa.

Amma a tsarin da ake ciki, ranar da ɗan kokowa ya daina kayarwa ita ce ranar da ake daina kaɗa masa take. Fasahar ta ci gaba da ciyar da wasu. Mawaƙi irin Sagalo ya yi suna da waƙoƙin 'yan kokowa, kamar yadda Ɗan Anace ya yi da Shago a dambe. Ɗan cali-cali na cin abinci da kwaikwayon tafiyar wanda ya ƙirƙiri tafiyar. Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin iyayen sinimar Nijar, ya yi fim ɗin 'yan tsana mai suna Kokoa inda ƙananan dabbobi irin su kwaɗo ke karawa a fili. Yau kuma masu shafukan Facebook da TikTok da YouTube na yanka tsofaffin karawa suna tara mabiya. Babu laifi a ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin lura kawai shi ne a duk jerin, mai jikin da aka gina abin a kansa shi ne ba ya cikin rabo.

A ƙetaren iyaka an ɗan fara gwada wata hanya. Horo Ɗan Mama ya fito daga dambe ya shiga finafinan Kannywood, inda ƙirarsa da sunan da ya yi a fili suka zama abin da ake nemansa dominsa. Shafin Dambe Warriors da aka buɗe a YouTube a 2017 ya nuna cewa akwai masu kallon wasan gargajiyar Hausa a ƙasashen da ba a jin Hausa. A Senegal, inda 'yan kasuwa masu zaman kansu ke shirya manyan karawa kuma babban ɗan kokowa kan karɓi miliyan 100 na sefa ko fiye a karo ɗaya, rawa da kirarin da suke kira bak sun zama wani ɓangare na abin da talabijin ke sayarwa. A Nijar kuwa kusan komai yana rataye a wuyan gwamnati da kwana 10 na gasar takobi.

Abin da ya tare hanya

Na farko kunya ce, kuma ita ta fi nauyi. A ƙasar Hausa kokowa wasan ƙuruciya ne. Magidanci mai surukai, wanda 'ya'yansa mata suka isa aure, ba ya son a gan shi da walki yana tsalle a gaban jama'a. Ga kuma tsohon bambanci tsakanin wanda ake yi wa waƙa da wanda ke yin ta. Ɗan kokowa ubangida ne ga makaɗi, shi ke ba da kari. Ya koma yana wasa ana miƙa masa, a idon mutane da yawa ya sauko daga kan doki ya hau jaki. Hanyu bai da wannan matsala, domin a Japan barin gasa zuwa dandali ƙarin girma ne.

Na biyu addini. Maraɗi gari ne da wa'azi ke da ƙarfi, kuma an daɗe ana sukar layu da tsafe-tsafen da ke tattare da kokowa, da kiɗa, da fitar da jiki. Tsohon ɗan kokowa da ya je Makka ya dawo, sau da yawa abin da yake so shi ne a kira shi Alhaji a manta da guraye. Wannan zaɓinsa ne, babu mai ikon tilasta masa. Sai dai kirari da tarihin karawa da koyar da dabarun kamu ba sa buƙatar laya ko walki. Ana iya yin su cikin babbar riga da hula, kuma duk wani shiri da bai fara daga nan ba, ba zai samu mutanen da yake nema ba.

Na uku kasuwa. Mutum 35,000 da suka shiga Tokyo Dome kowannensu ya sayi tikiti mai tsada. A Gazawa, wadda sai a 2011 aka yanke ta daga Agye ta zama gunduma, kuɗi na shigowa hannun manomi ne wata 2 ko 3 bayan kaka, kuma an saba kallon kokowar ƙauye kyauta, wanda ya ji daɗi ya yi kari. Manyan filayen da ke da katanga da ƙofa suna hedikwatocin jihohi. Duk da haka, cewa babu kasuwa gaba ɗaya ba gaskiya ba ne. Mutanen da ke cika gidajen kallon ƙwallo da finafinan dandalin soyayya, suna sayen katin waya don kallon bidiyo, su ne dai masu son kokowa. Gazawa da Agye da Cadawa da Gidan Rumji duk suna kan babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram, kowane gari da ranar kasuwarsa. Ayarin mutum 10 da makaɗa 3 da ke bin ranakun kasuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ya buƙatar ƙanƙara ko wutar lantarki mai yawa.

Na huɗu tsaro. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo cikin gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa, har aka tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. 'Yan bindiga masu satar shanu da mutane sun sa taron dare ya zama abin tsoro a ƙauyukan bakin iyaka. Ga rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya ɗauki watanni kafin a buɗe a 2024. 'Yan kokowar Maraɗi sun daɗe suna tsallakawa Katsina da Kano da Sakkwato neman karawa a lokacin rani, kuma duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa aljihunsu. Ficewar Nijar daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025 ita ma ta jefa makomarsu a gasar kokowa ta ƙungiyar cikin duhu. Filayen da mai ƙarfi ke samun kuɗi suna raguwa, balle wanda ƙarfin ya bari.

Ba sadaka suke buƙata ba

Abin da aka saba yi wa tsofaffin 'yan kokowa shi ne a gayyace su ranar buɗe gasa, a zaunar da su a rumfa, mai sanarwa ya ambaci sunansu, a ba su ambulan. Idan ɗaya ya kwanta ciwo a yi shela a rediyo, wani mai hali ya taimaka, a ɗauki hoto. Wannan alheri ne, amma yana mayar da mutumin da ya taɓa tsayar da ƙasa cak ya zama mai jiran a tuna da shi.

Gyaran farko ba ya cin kuɗi mai yawa. Gasar takobi tana da kwana 10, gidan talabijin da rediyon ƙasa suna watsa ta kai tsaye, kamfanoni suna zuba talla. A cikin waɗannan kwanaki za a iya ware yammaci guda na tsofaffi, wanda su za su tsara shi da kansu tare da makaɗansu: kowa ya shigo da takensa, ya yi kirarinsa, ya ba da labarin karon da ya fi tunawa, biyu-biyu su nuna dabarun kamun da matasa suka daina amfani da su ba tare da an kai kowa ƙasa ba. A biya su da yarjejeniya a rubuce, kamar yadda ake biyan mawaƙin da aka gayyata. Masu zamiya suna da irin wannan, domin kowace babbar gasa tasu tana rufewa da wasan nuni wanda babu maki a cikinsa, kuma a nan masu shirya wasannin kuɗi ke gane wanda jama'a ke so.

Na biyu shi ne haƙƙin mallaka. Nijar tana da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, wadda ke karɓar wa mawaƙa da marubuta kuɗi idan an yi amfani da aikinsu. Kirarin da ɗan kokowa ya ƙirƙira magana ce tsararriya mai mai ita, kuma babu dalilin da zai sa a ɗauke ta daban da waƙa. Idan hukumar kokowa ta ƙasa ta zauna da BNDA da gidan talabijin, za a iya fitar da ƙa'idar da za ta sa duk tallar da aka yi da murya ko hoton tsohon ɗan kokowa ta kai masa wani abu, ko ga iyalinsa idan ya rasu. Kaset-kaset na shekarun Kantu da Salma da Langa-Langa dukiya ce, kuma kaset ba ya jiran kowa, lalacewa yake yi.

Akwai kuma aikin da tun yanzu ya kamata ya zama nasu: sharhi. A ƙwallon ƙafa da zamiya da dambe na zamani, tsofaffin 'yan wasa ne ke zama kusa da ɗan jarida suna fassara abin da ido bai kama ba. Gidajen rediyon al'umma da ke gundumomin nan suna da awannin da suke neman abin cikawa. Shirin mako-mako da tsohon ɗan kokowa zai riƙa gabatarwa da Hausar garinsu zai samu mai ɗaukar nauyi cikin 'yan kasuwar Maraɗi kafin shirye-shirye da yawa da ake yi yanzu.

Gaskiya ne ba kowa zai iya ba. Wani gwanin kayarwa ne amma baki bai buɗe masa ba, wani kuma ko an ba shi miliyan ba zai sake tsayawa gaban ganga ba. Cikin 100 wataƙila 10 ne za su so kuma su iya. To amma 10 ɗin nan su ne za su nuna wa saurayin da ke kokowa a Sa'e Sabuwa ko Gidan Sori yau cewa ya kula da kirarinsa da rawarsa kamar yadda yake kula da damtsensa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Cibiyar horar da malaman wasanni ta INJS da ke Yamai da cibiyar kiɗa ta Alhaji Taya suna da malaman da za su iya taimakawa wajen tsara irin wannan wasa, idan aka kira su.

Rabon Maraɗi da karɓar gasar takobi tun karo na 41. Idan aka bi jerin da aka saba, bayan Dosso sai Tawa, sai Damagaram, sai Tilaberi, sannan ta dawo filin Kantu. Hukumomin jihar da masu gari da attajiran Maraɗi suna da lokaci a gabansu da za su iya gwada ayarin tsofaffi a kasuwannin Gazawa da Agye da Gidan Rumji, su ga ko jama'a za su biya dala 20 ko 40 a ƙofa, kafin baƙi daga jihohi 7 su iso.